Inuwar giginya: gwanin ƙirƙira da kamfanin da ya riƙe shi

Ƙanena yana aiki a wani kamfani da ke haɗa kayan sola, su inbata da batura da fitilun titi. Kwanakin baya ya zo gaishe ni da labarin cewa mai kamfanin nasu ya lashi takobin sai ya janyo wani injiniya daga hannun abokan hamayyarsu, ko nawa ne zai biya. Wai mutumin kansa yana ja, kuma da zarar ya shigo sabbin kaya za su fara fitowa. Na tambaye shi wane irin sabo suke nema. Ya ce, "Haba Yaya, ai sabo sabo ne." A nan muka raba hanya, domin a ganina sabo iri biyu ne, kuma gwani ba ya yi musu hidima iri ɗaya.

Akwai sabon da gyara ne: batirin da yake yin shekara biyu a mayar da shi mai yin uku, injin da yake shan mai a rage masa sha, kayan da ake sayarwa dubu goma a san dabarar da za a sayar da shi dubu bakwai kuma a ci riba. Akwai kuma sabon da idan ya fito yakan kashe kasuwar na da gaba ɗaya, yadda wayar hannu ta yi wa wayar tarho ta girke. Wani malami a jami'ar Stanford mai suna James March ya yi rubutu a kan wannan a 1991, inda ya nuna cewa kowace ma'aikata tana raba ƙarfinta ne tsakanin cin moriyar abin da ta riga ta sani da kuma laluben abin da ba ta sani ba, kuma na farkon kusan kullum shi ke rinjaye, saboda ribarsa a kusa take, ana ganinta. Abin da nake son ƙarawa a kai shi ne, babban gwani yakan shigo kamfani ne da sabo iri na biyu, sau ɗaya. Daga nan sai nauyinsa duka ya koma kan iri na farko, kuma sau da yawa shi ne yake tsayawa a bakin ƙofa ya hana na bayansa wucewa.

Thomas Edison shi ne misalin da ya fi fitowa fili. A 1876 ya buɗe ɗakin gwaje-gwajensa a Menlo Park, jihar New Jersey ta Amurka, kuma kafin ya rasu sunansa yana kan takardun mallakar ƙirƙira 1,093 a Amurka kaɗai. Wajen gyara da naci babu kamarsa. Shi da yaransa sun yi ta gwada abubuwa iri-iri suna neman zaren da zai daɗe yana ci a cikin ƙwan lantarki, har suka dace da gora da aka ƙona ta zama gawayi, wadda takan yi fiye da awa 1,200 ba ta tsinke ba, suka riƙa sayo ta daga Japan. A 1882 ya kunna tashar wutarsa ta titin Pearl a birnin New York. Amma wutar da ya gina komai a kanta ita ce ta DC, wato wutar da ke gudu ta hanya ɗaya kawai, wadda a lokacin ba ta iya tafiya fiye da kimanin mil ɗaya ba tare da ta raunana ba. Ke nan kowace unguwa sai an gina mata tata tashar. Wutar AC kuwa, mai kai da komowa a cikin waya, ana iya ɗaga ƙarfinta da taransfoma, a tura ta nesa a kan siririyar waya, a sake sauke ta a ƙofar gida.

Edison bai jahilci wannan ba. Nikola Tesla ma a kamfaninsa ya fara aiki da ya iso Amurka a 1884, bai daɗe ba ya bar wurin, kuma a 1888 George Westinghouse, abokin hamayyar Edison a harkar lantarki, ya sayi izinin amfani da ƙirƙirarsa ta injin AC. Matsalar ita ce sunan Edison da kuɗinsa da takardun mallakarsa duk a kan DC suke. Sai ya shiga yaƙi. Ya mara wa masu kashe dabbobi da wutar AC a gaban 'yan jarida baya, don a nuna wa jama'a cewa mugunyar wuta ce, kuma kujerar lantarki da aka fara kashe mai laifi da ita a 1890 da AC aka haɗa ta. Duk da haka kasuwa ba ta saurare shi ba. A 1892 masu kuɗin da ke bayan kamfanin suka haɗe shi da Thomson-Houston, wanda ya riga ya rungumi AC, aka sa wa sabon kamfanin suna General Electric. Sunan Edison ya fita daga allon, shugabanci ya koma hannun Charles Coffin na ɗaya ɓangaren. Sai da aka matsar da gwanin gefe kafin kamfanin da ya kafa ya samu ya bi hanyar da duniya ta bi. Wutar da ke tasowa daga Kainji da Shiroro a kan manyan turakun nan, ranar da ta ga damar zuwa, AC ce. Abin dariya shi ne faifan sola da batir duk DC suke bayarwa, shi ya sa muke sayen inbata, wato dai tsohon bai faɗi ƙasa warwas ba.

Haka ta faru da Edwin Land na kamfanin Polaroid, mutumin da ya fito da kyamarar da ke ba ka hotonka nan take a 1948. A 1977 ya dage sai an fitar da Polavision, fim mai motsi da ke wanke kansa, marar sauti, na 'yan mintuna, alhali kaset ɗin bidiyo na Betamax da VHS sun riga sun shiga kasuwa. Kamfanin ya tafka asara, Land ya sauka daga shugabanci a 1980. Wa zai kalli mai takardun mallaka fiye da 500 ya ce masa wannan karon bai hango daidai ba?

Wannan tambayar na san ta da idona. Na taɓa aiki a wata masana'anta inda muke da wani dattijon injiniya da kowa ke kira Baba. Idan inji ya fara wani ƙara da ba a gane ba, sai ya ɗauki doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a kan gidan boris, wato zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a cikinsa, ya manna kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Can sai ya ɗago ya ce boris na baya ne, a canza shi kafin Juma'a. A buɗe kuwa a tarar haka ne. Allunan wutar masana'antar duk shi ya tsara su da hannunsa, rile bayan rile, wato makunnan da ke kunna kansu da lantarki, kuma ya san kowace waya da inda ta nufa ba tare da ya duba zane ba. A ƙarƙashinsa injunan nan sun yi shekarun da masu ƙera su ma ba su yi musu zato ba. To amma ranar da wani matashi a cikinmu ya kawo shawarar a cire allunan a sa 'yar ƙaramar kwamfuta mai sarrafa inji, wadda za ta rage tsayawar aiki, Baba bai yi faɗa ba, bai ma ɗaga murya ba. Murmushi ya yi ya ce, "Yaro, bari dai mu gani." Shi ke nan. Manaja ya dubi Baba, ya dubi takardar, ya ce a ajiye maganar zuwa wani zama. Ba a sake tayar da ita ba, kuma yaron bai cika shekara ba ya samu wani wurin. Mu da aka tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a jayayya da na gaba, wannan abin ya fi yi mana nauyi. Gwani a wurinmu ba ya buƙatar ya hana. Shirunsa kaɗai ya isa.

Labarin William Shockley ya fi wannan muni, ya kuma fi shi ban sha'awa. A watan Disamba na 1947, a ɗakunan bincike na Bell, John Bardeen da Walter Brattain suka haɗa taransista ta farko, 'yar abar da yau take cikin kowace waya da rediyo da kwamfuta. Shockley ne shugaban rukuninsu, amma ba ya wurin lokacin da abin ya yi aiki, kuma lauyoyin kamfani ba su sa sunansa a takardar mallakar ba. Haushi ya sa ya kulle kansa, cikin 'yan makonni ya tsara wata irin taransistar da ta fi ta farkon inganci da sauƙin ƙerawa. Gwanintarsa ba abin musu ba ce. Sai dai daga nan ya toshe wa mutanen biyu hanyar ci gaba da aikin. Bardeen ya tattara ya koma jami'ar Illinois a 1951, inda ya yi wani aikin dabam da ya sa ya sake cin kyautar Nobel a 1972, bayan wadda su ukun suka raba a 1956. Kamfanin Bell ya yi asarar mutumin da har yau shi kaɗai ne ya ci Nobel ta kimiyyar fiziks sau biyu.

A 1956 Shockley ya buɗe nasa kamfanin a Mountain View, jihar Kalifoniya. A nan ne wani amfanin gwani ya bayyana, wanda ba a cika lissafa shi ba: sunansa yana jawo mutane. Matasa masu kaifin ƙwaƙwalwa irin su Robert Noyce da Gordon Moore sun bar inda suke sun bi shi don kawai shi ne Shockley. Da suka zo sai suka tarar da mutum mai zargin kowa. Wata sakatariya ta yanke a hannu da wani ɗan ƙarfe a jikin ƙofa, ya ce makirci ne, ya nemi a gwada ma'aikata da na'urar gano ƙarya. Su suna son a ƙera taransistar silikon da kasuwa ke jira, shi kuma ya kafe a kan wata na'ura mai hawa huɗu da ya ƙirƙira da kansa. A 1957 mutum takwas suka fice rana ɗaya suka kafa Fairchild Semiconductor. A can Jean Hoerni ya gano hanyar shimfiɗa taransista a kan fallen silikon, Noyce ya ɗora a kai ya haɗa da'irar lantarki sukutum a kan ƙwaya ɗaya a 1959, sannan shi da Moore suka kafa Intel a 1968. Kamfanin Shockley kuwa bai taɓa yin abin kirki a kasuwa ba. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha ta. Duk yankin da ake kira Silicon Valley, cibiyar kamfanonin fasaha a Kalifoniya, ya sha inuwar Shockley, ban da waɗanda suka zuba kuɗi a gindinsa.

Masu bincike sun gwada auna wannan abin da lissafi, ko da yake a jami'o'i suka auna, ba a kamfanoni ba. Pierre Azoulay na jami'ar MIT ta Amurka da abokan aikinsa sun bi sawun manyan masana kimiyyar halittu da suka mutu suna tsakiyar aikinsu. A binciken da suka fitar a 2010 sun ga cewa waɗanda suka saba aiki tare da mamacin, aikinsu yakan ragu da kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, kuma ba ya komawa yadda yake. Gwani dai yana ɗaga na kusa da shi da gaske. A wani binciken na 2019 sai suka dubi fagen gaba ɗaya, suka ga bayan mutuwar gwani, rubuce-rubucen baƙin da ba su taɓa aiki da shi ba sukan ƙaru da kusan kashi 8.6 cikin ɗari, kuma sukan zo da dabaru daga wasu fagagen. Wato mutanen suna nan tun da, suna jiran a ba su wuri. Ban ga dalilin da zai sa kamfani ya bambanta ba. Ina ma zaton abin ya fi tsanani a can, tunda a kamfani gwanin yana da bakin magana a kan kasafin kuɗi da ƙarin girma.

Akwai wani irin gwanin dabam, kuma shi ne wanda da ni ke da kamfani zan nema. Masu tarihin ɗakunan binciken Bell sun kawo labarin cewa lauyoyin sashen mallakar ƙirƙira sun taɓa son gano abin da ya sa wasu ma'aikata suka fi sauran yawan ƙirƙira. Abin da suka tarar ya haɗa mutanen shi ne yawancinsu sukan ci abincin safe ko na rana tare da wani injiniya haifaffen Suwidin mai suna Harry Nyquist. Shi ma gwani ne mai nasa manyan ayyukan a fannin sadarwa, amma a teburin abinci ba ya ba kowa amsa. Tambayoyi yake yi har sai mutum ya ji abin da ke kansa ya warware. Irin wannan ba ya bayyana a takardar neman aiki, kuma ba a gane shi da yawan lambobin yabo. Sai dai a tambayi yaran da suka zauna a ƙarƙashinsa ina suke yanzu, me suka zama.

Sabo mai kashe na da kuwa, sau da yawa daga gefe yake fitowa, daga hannun wanda ba a ɗauke shi gwani ba tukuna. Steve Sasson yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da shiga Kodak, kamfanin fim da kyamara, ba, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Nauyinta ya kai kilo 3.6, hotonta baƙi da fari ne, kuma takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset. Manyan Kodak masana sinadaran fim ne, da fim suka yi suna, da fim suke cin abinci. Sun yi wa na'urar rajistar mallaka, daga baya ma sun ci kuɗi sosai da takardun, amma ba su yarda ta taɓa kasuwar fim ba har wasu suka zo suka taɓa ta. A watan Janairu na 2012 Kodak ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi.

Wanda na fi so a duk labaran nan shi ne na Shuji Nakamura, watakila don aikinsa yana rataye a kan teburin kowane mai shayi da mai tsire a garuruwanmu, inda a da aci-balbal ce ko fitilar ƙwai. Nichia ƙaramin kamfani ne a garin Anan, a tsibirin Shikoku na Japan, sana'arsa haɗa hodar nan da ake shafa wa cikin doguwar fitila da gilashin talabijin don su yi haske. Nakamura ya shiga a 1979, ya yi kusan shekara goma yana ƙera abubuwan da ba su kawo wani ciniki ba. A lokacin an daɗe da samun fitilar LED ja, wato 'yar ƙwayar da ke ba da haske ba tare da zare ba, tun 1962, an kuma samu kore, amma shuɗiya mai haske ta gagari manyan kamfanonin duniya, kuma idan babu shuɗi ba a samun fari. A 1988 ya tsallake shugabanninsa ya je wurin mai kamfanin, dattijo Nobuo Ogawa, ya ce a ba shi dama ya gwada. Dattijon ya ba shi kuɗi, ya kuma tura shi jami'ar Florida na shekara guda ya koyo aikin injin da ake shimfiɗa sinadarin da shi.

Kusan duk manyan masana a lokacin sun tafi a kan wani sinadari da ake kira zink selenaid. Nakamura ya zaɓi galiyam naitaraid, wanda aka ɗauka ba shi da makoma, in ban da Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano da suka nace masa a Nagoya. Dalilin da shi kansa ya sha bayarwa shi ne, a fagen da kowa ya tafi ba shi da abin da zai yi gasa da shi, ba shi da digirin digirgir, ba shi da tawaga. Shekarun da ya yi yana walda da lanƙwasa bututun gilashi da hannunsa, don kamfanin ba shi da kuɗin sayen kayan aiki, su suka yi masa rana. Da safe ya kwance injin ya sauya masa hanyar iska, da rana ya gwada, gobe ya sake. Da shugabanci ya koma hannun surukin dattijon, Nakamura ya ce an sha aiko masa da takardar umarnin ya dakatar da aikin, shi kuma yana jefa ta a kwandon shara. A watan Nuwamba na 1993 Nichia ya sanar da shuɗiyar LED mai haske.

Abin da ake yawan tsallakewa a labarin shi ne mataki na gaba. Farar fitilar da ke cikin tocilan ɗinmu shuɗiya ce aka lulluɓe da hoda mai ba da ruwan ɗorawa, haɗuwar launukan biyu ke ba ido fari. Wannan hodar kuwa ita ce tsohuwar sana'ar Nichia, aikin mutanen da suka shekara suna gyara abu ɗaya ba wanda ya san sunansu. A 1996 kamfanin ya fara sayar da farar LED. Da Nakamura a wani kamfanin yake, da wuya a ce an kai ga farin da wannan saurin, kuma da babu Nakamura da masu hodar suna nan suna shafa wa doguwar fitila har kasuwarta ta mutu.

To nawa ne rabon gwani a ciki? Ladan da kamfanin ya ba shi a kan takardar mallakar yen 20,000 ne na kuɗin Japan, abin da bai kai dala 200 ba. Ya bar Nichia a 1999 ya koma jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, ya kuma kai ƙara a 2001. A watan Janairu na 2004 kotun Tokyo ta ce rabin nasarar tasa ce, ta umarci a biya shi yen biliyan 20. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara yana cewa aikin na mutane da yawa ne, kuma shi ya ɗauki kasadar zuba kuɗi. Shekara guda bayan haka kotun sama ta auna gudummawarsa a kan kashi 5 cikin ɗari, aka sasanta a kan kimanin yen miliyan 840. Birni ɗaya, aiki ɗaya, wani alƙali ya ce kashi 50, wani ya ce 5. Da Nakamura ya ci Nobel a 2014 tare da Akasaki da Amano, ya fito fili ya ce yana son ya ziyarci Nichia a manta da abin da ya wuce. Kamfanin ya amsa cikin ladabi cewa godiyar da ya yi ta wadatar, kada ya ɓata lokacinsa mai daraja wajen zuwa.